Gidan Zu na Kano da Masu Cewa Dabba Ta Fi Mutum Amana

Duk ranar sallah da kwanakin da ke biye da ita, titin Gidan Zu a Kano yakan cushe tun da hantsi. 'Yan adaidaita sahu na sauke yara cikin sababbin kaya, iyaye na layin yankar tikiti, masu sayar da ruwan leda da balan-balan na ta ciniki. Kafin mako ya zagayo hotunan sun cika wayoyi: zaki a kwance a inuwa, biri ya zuro hannu ta tsakanin ƙarafa, jimina na leƙen jama'a. Daga nan sai gardama ta tashi, a Facebook da teburin mai shayi. Wani ya ce wannan zalunci ne tsagwaronsa. Wani ya ce mutane ba su ƙoshi ba ana ta zancen zaki. Na uku kuma ya ce shi kam da ya zauna da mutanen yanzu gara ya wuni gaban kejin biri, domin dabba ba ta cin amana.

Labaran da ke shigowa ma suna ƙara rikita lissafin. A 2020 gwamnatin Kano ta sanar da shirin ɗauke gidan daga cikin gari zuwa Tiga, bisa hujjar cewa hayaniyar birni na damun dabbobin. A 2024 ƙasar Kosta Rika ta rufe gidajen zu biyu da gwamnatinta ke da su. A daidai wannan lokacin kuma ana yaba wa wasu gidajen da ceto dabbobin da suka ƙare a daji. Mai karatu na da haƙƙin ya tambaya: shin abin nan alheri ne ko cuta?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin gardamar na tasowa ne saboda ana kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya.

Gidan zu, ko gidan namun daji, wuri ne da ake tsare dabbobin dawa a killace don jama'a su biya su kalla. Gandun daji kuwa, irin Yankari a Bauchi ko Falgore a kudancin Kano, daji ne da aka shata wa iyaka, dabba na cikin muhallinta tana neman abincinta, mutum ne baƙo. Akwai kuma mafaka, inda ake kai dabbar da aka ƙwato daga hannun masu fasa-ƙwauri ko wadda ta tsufa a keji. A can ba a barin ta ta hayayyafa, ba a kuma gina wurin don 'yan kallo ba.

Su ma masu magana a madadin dabbobi ba bakinsu ɗaya ba. Masu batun walwala sun yarda mutum ya riƙe dabba, sharaɗinsu kada ta wahala. Ma'aunin da suka fi amfani da shi ya samo asali daga wani rahoto da aka yi wa gwamnatin Birtaniya a 1965 a kan dabbobin gona, wanda daga baya aka taƙaita shi zuwa abubuwa biyar: kada dabba ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada makwancinta ya takura mata, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada ta rayu cikin firgici, sannan a ba ta damar yin ɗabi'unta na halitta. Na ƙarshen nan shi ne ƙashin bayan rigimar gidan zu. Masu batun 'yanci kuma sun ce tsarewar kanta ita ce laifin, ko da kejin na zinare ne. Sai kashi na uku, masu kiyaye jinsi, waɗanda damuwarsu ita ce kada zaki ko giwa su ƙare daga doron ƙasa. Wahalar dabba ɗaya ba ita ce a gabansu ba, kuma wannan kan haɗa su faɗa da kashi biyun farko.

Abin da ya faru a Kofenhagen, babban birnin ƙasar Denmark, a watan Fabrairun 2014 ya nuna girman saɓanin. Gidan zu na birnin ya kashe wani matashin raƙumin dawa mai suna Marius, lafiyarsa ƙalau, aka feɗe shi a gaban 'yan kallo, aka ba zakuna naman. Dalilin da suka bayar shi ne irin jininsa ya yi yawa a cikin shirin kiwon da gidajen Turai ke gudanarwa tare, barin sa ya haihu zai jawo auren dangi. A wurin mai kiyaye jinsi lissafin ya fita daidai. A wurin mai tausayin dabba ɗaya kuwa kisa ne kawai.

"Na fi sabawa da dabba": daga ina wannan ke fitowa?

Wasu na ɗaukar maganar a matsayin baƙuwar ɗabi'a da aka kwaso a intanet. Amma duk wanda ya tashi a Kano ya san mai tattabaru da ke hawa soro tun asuba, ya san kowace da kalarta da abokin zamanta. Ya san mai doki da zai kwana a barga idan dokin ya ƙi cin harawa, da tsohuwar da ke hira da akuyarta kamar jikarta, da yaron da ya ƙi cin naman ragon layya domin shi ya yi ta ba shi dusa. Bafulatani na kiran saniyarsa da suna ta taso daga cikin garke. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana furta shi a fili, kuma sau da yawa ana haɗa shi da ƙorafi a kan mutane.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bayani ta fuskoki da dama. Mafi sauƙi shi ne hulɗa da dabba ba ta da lauje cikin naɗi. Ba ta tambayar ka yaushe za ka yi aure, ba ta auna ka da abin hannunka, ba ta kai maganarka gaba. Wanda aka taɓa yaudara, ko mai fama da kunya mai tsanani, ko wanda karantar fuskokin mutane ke yi masa wuya, yakan sami hutu a wurin da babu wannan lissafin. Akwai kuma ɓangaren jiki. Wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2015 ya gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin na ƙaruwa a jikinsu duka biyu, kuma shi ne sinadarin da ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri. Wasu binciken sun nuna cewa mutumin da kaɗaici ya dama ya fi saurin jingina wa dabba tunani da niyya irin na mutum.

Wani gwaji da aka yi a wata jami'a a Boston ta Amurka ya fito da abin lura. An ba ɗalibai sama da 200 labarin jarida na ƙarya game da wanda aka lakaɗa wa duka, amma aka riƙa sauya wanda abin ya shafa: jariri, ɗan kwikwiyo, babban kare, ko baligin mutum. Baligin ne ya sami tausayi mafi ƙaranci. Jaririn kuwa bai gaza karnukan ba. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce mutane na karkata ga wanda suke ganin ba shi da ƙarfin kare kansa kuma ba shi da laifi. Wato mai cewa ya fi tausayin dabba, galibi rauni yake tausayawa, ba jinsin mutum ya tsana ba.

Haka aka gani a gidan zu na birnin Sinsinati a Amurka a watan Mayun 2016, lokacin da yaro ɗan shekara 3 ya faɗa wurin wani goggon biri mai suna Harambe, ma'aikata suka harbe birin don ceton yaron. Fushin da ya biyo baya a kan uwar yaron ya ba mutane da yawa mamaki. A idon masu fushin, birin bai kai kansa wurin ba, bai kuma gayyaci kowa ba.

A al'adar Bahaushe maganar na da iyaka. An ce mutum rahama ne, kuma wanda ya janye daga biki da jana'iza da gaisuwar mara lafiya ana ganin akwai abin da ke damun sa. A addinance ma akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, cewa muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su. Likitocin ƙwaƙwalwa na da ma'auni mai kama da wannan: son dabba ba ciwo ba ne, abin dubawa shi ne ko ya zo tare da yanke hulɗa, rashin barci, ko ɗebe tsammani daga rayuwa. Idan ya zo da su, dabbar ta zama mafaka daga wata matsala da ke buƙatar kulawa ta daban.

Inda wannan ya haɗu da gidan zu shi ne, shaƙuwar nan ita ce ke kai mutum bakin keji, ita ce kuma ke sa wani ya rantse ba zai sake taka wurin ba. Sai dai jin kusanci da dabba bai ba mutum sanin abin da take buƙata ba. Zaki na iya yin awa goma sha takwas zuwa ashirin a kwance ko da a daji ne, don haka hoton zaki a kwance ba shaidar baƙin ciki ba ne. Birin da ya yage baki kamar mai dariya kuwa, sau da yawa tsoro yake nunawa. Ɗan kallon da ya miƙa wa biri biskit ko alawa saboda tausayi, cutar da shi ya yi.

Yadda aka faro

Tara namun daji tsohuwar al'adar sarakuna ce, daga Masar ta dā zuwa Sin, kuma manufarta nuna iko. Gidan da ya fi kowanne daɗewa cikin waɗanda ke aiki har yau shi ne na Biyana, wanda aka kafa a 1752 don gidan sarautar Ostiriya. Na Landan ya zo a 1828 da sunan binciken kimiyya, na Giza a Masar a 1891. A 1907 wani ɗan kasuwar dabbobi Bajamushe, Carl Hagenbeck, ya buɗe gida a Hambag inda ya maye gurbin ƙarafa da ramuka masu faɗi, don ɗan kallo ya ga kamar dabbar a sake take.

Akwai ɓangaren tarihin da masu adawa ba sa bari a manta. Shi wannan Hagenbeck ya yi suna wajen baje kolin mutane daga ƙasashen da Turawa suka mallaka. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a sashen birai na gidan zu na Bronx a New York, jama'a na zuwa kallon sa. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce ilimantarwa, kalmar da har yau ake kare gidajen zu da ita.

A Nijeriya, na Jami'ar Ibadan ya fara a 1948 don koyar da ɗalibai. Na Kano kuwa aikin gwamnan soja Audu Bako ne, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan ke ɗauke da shi. An kafa shi a farkon shekarun 1970 a kan fili mai faɗin sama da hekta 40, a wurin da a lokacin bayan gari ne. Yau gari ya zagaye shi ta kowace kusurwa: gidaje, shaguna, ofisoshin 'yan fim, babban kantin zamani, ga ƙarar janareta da hon ɗin motoci dare da rana.

Kafin zuwansa ma Bahaushe na da nasa salon. Gardawa na yawo kasuwa-kasuwa da kura a ɗaure da sarƙa da takunkumi, wasu da bika ko mesa, ana kiɗa ana tara kuɗi ana sayar da magani. Daga nan karin maganar nan ta fito, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Wanda ya fara faɗin ta ya riga masu fafutukar zamani gane inda matsalar take.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ceton jinsi, kuma tana da misalai na gaske. Mariri, farin gwankin nan mai dogayen ƙahoni da a dā ke yawo a sahel daga Nijar zuwa Cadi, an ayyana cewa ya ƙare a daji a shekarar 2000. Waɗanda suka rage suna gidajen zu da garkunan da ake kiwo a killace. Daga 2016 aka fara mayar da su wani gandun daji a tsakiyar Cadi, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ɗan'uwansa na Larabawa ma haka: an kashe na ƙarshe a daji a 1972, aka sake sakin waɗanda aka kiwata a Oman a 1982. Ba don kejin ba, da sai dai a hoto.

Ta biyu ita ce ilimi. Yaron Kurna ko Ɗorayi da ke jin zaki da kura a tatsuniyar Gizo, ina zai gan su? Kuɗin zuwa Yankari ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ko an je ba lallai a ga zaki ba. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Ɗaliban likitancin dabbobi da na kimiyyar halittu ma a nan suke ganin abin da suka karanta.

Suna kuma tunatar da cewa daji ba aljanna ba ne. Akwai fari, akwai cuta, akwai mafarauta, kuma dazuzzuka da yawa a Arewa sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Dabbar da aka haifa a keji, in aka sake ta, ba ta iya farauta ba, ba ta kuma tsoron mutum, wanda hakan ke nufin ko ta mutu ko ta yi ɓarna a kashe ta.

Abin da masu adawa ke cewa

Sun yarda da labarin mariri, amma suna tambayar kashi nawa ne na dabbobin da ke tsare ke cikin irin wannan shirin. Yawancin abin da ke jawo 'yan kallo, zaki da biri da jimina da kada, ba za a taɓa mayar da su daji ba, kuma gidajen da ke da kuɗi da ƙwararrun yin kiwon ceto 'yan kaɗan ne a duniya. Suna kawo misalin raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai a Nijar, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 amma suka haura 600 daga baya. An cim ma wannan ne ta hanyar hana farauta da tallafa wa manoman da ke zaune tare da su, babu keji ko ɗaya.

Sai batun ɗabi'a. Duk wanda ya tsaya gaban kejin kura ko damisa ya ga yadda take kai-komo a layi ɗaya har ƙasa ta yi hanya. Giwa kan tsaya tana kaɗa kai ba fasawa, wasu tsuntsaye na fige gashin jikinsu. Masana na ɗaukar wannan maimaicin alamar cewa dabbar ta kasa yin abin da halittarta ke tura ta ta yi. Wani bincike na 2003 ya gano cewa a cikin masu cin nama, waɗanda suka saba cin dogon zango a daji su ne suka fi yin wannan kai-komon, 'ya'yansu kuma sun fi mutuwa a tsare. A 2008 wani binciken ya kwatanta giwayen Afirka mata da ke gidajen zu na Turai da na gandun Amboseli a Kenya: tsaka-tsakin shekarun na tsare bai kai 17 ba, na daji waɗanda suka yi mutuwar Allah da Annabi kuwa 56. Masu gidajen sun soki binciken da cewa ya haɗa da alƙaluman tun 1960, lokacin da kulawa ba ta kai ta yanzu ba. Duk da haka wasu gidajen, kamar na birnin Detroit a Amurka a 2005, sun sallami giwayensu da kansu.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluman ya fi taimaka wa mai neman matsaya fiye da kowane ɓangare: dabbobi ba ɗaya ba ne a wajen jure tsarewa. Kunkuru ko kada da aka ba ruwa da rana da wurin ɓuya na iya rayuwa kusa da yadda ya saba. Giwa guda ɗaya tilo, wadda a daji take rayuwa cikin dangi tana cin tafiyar kilomitoci a rana, ba ta da wannan damar komai yawan abincin da aka zuba mata.

Game da ilimi kuma, suna cewa yaron da ya ga manya na jifan biri don ya motsa, ko suna zungurar kada da kara, ya koyi wani abu, amma ba abin da ake fata ba.

Addini da doka

A Kano duk gardamar da ba ta bi ta nan ba ba ta ƙare ba. Alƙur'ani a Suratul An'am ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kamar mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Sun kuma ruwaito na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. A ɗaya gefen akwai hadisin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har ma yakan tambaye shi labarinsa. Daga nan masu sharhin hadisi suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu a keji matuƙar ana kula da shi.

Idan aka haɗa nassoshin, matsayar da ta fi yawa tsakanin malamai ta yi kusa da ta masu batun walwala: tsarewa ta halatta, amma da zarar ka tsare, ci da sha da lafiyar dabbar sun hau wuyanka. Abin da ya rage a tattauna shi ne ko cutarwa ta tsaya ga yunwa da duka, ko ta haɗa da kaɗaici da ƙuncin wuri. Wata kotu a Pakistan ta ɗauki fassara mai faɗi. A watan Mayun 2020 Babbar Kotun Islamabad, tana kafa hujja har da koyarwar Musulunci, ta ba da umarnin a kwashe dabbobin gidan zu na birnin, ciki har da wani toron giwa mai suna Kaavan da ya zauna shi kaɗai tun mutuwar abokiyar zamansa a 2012. A watan Nuwamba aka kai shi mafaka a Kambodiya. Babbar kotun jihar New York kuwa a 2022 ta ƙi amincewa a ɗauki wata giwa a matsayin mai haƙƙin ƙalubalantar tsarewa kamar mutum, alƙalai biyar suka rinjayi biyu.

A Nijeriya dokokin sun fi karkata ga farauta da fatauci. Akwai dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa wadda aka yi wa gyara a 2016, sannan kundin Penal Code ya haramta azabtar da dabba. Waɗannan na hukunta wanda ya kashe ko ya yi safara ko ya doka. Tambayoyin da gidan zu ke tayarwa, irin faɗin keji da yawan abokan zama da wanda zai shigo daga waje ya duba, wani fanni ne daban.

Abin da ya shafi mutumin Kano

Abubuwa biyu da suka faru a 2019 sun fito da ainihin inda gizo ke saƙa. A watan Yuni aka nemi naira miliyan 6.8 na kuɗin ƙofa da aka tara a kwanakin sallah aka rasa, labari ya bazu har ƙasashen waje cewa goggon biri ne ya haɗiye. Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan, ya kuma umarci hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta bincika. An sha dariya, amma adadin ya nuna wa jama'a irin kuɗin da 'yan kwanaki ke kawowa. A watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi kejinsa, unguwannin kewaye suka kwana cikin zullumi, aka yi kusan kwana biyu kafin a shawo kansa. Bai fita daga harabar gidan ba, awakin da ya tarar ne suka biya kuɗin. A Jos a 2015 wanda ya fita harbe shi aka yi, a Ile-Ife kuma a 2024 zaki ya kashe ma'aikacin da ya daɗe yana ba shi abinci.

Walwalar dabba da tsaron maƙwabta da albashin ma'aikaci duk daga aljihu ɗaya suke fita. Babban zaki na buƙatar nama kilo biyar zuwa bakwai a rana, giwa kuwa na iya cin ganye da ciyawa sama da kilo 100. Duk wanda ya je mahauta kwanan nan zai iya yin lissafin da kansa. Kuɗin shiga na zuwa ne a dunƙule lokacin bukukuwa, cikin dabba kuwa bai san sallah ta wuce ba. Idan tattalin arziki ya karye, na cikin keji ne ke fara gani, kamar yadda hotunan ƙasusuwan zakunan wani lambu a Khartoum suka nuna a farkon 2020.

Zaɓin da ke gaban jihar kowanne da wanda zai ɗauki nauyinsa. Idan aka bar gidan yadda yake, talaka ya tsira da wurin shaƙatawa mai araha, dabbobin kuma su ci gaba da zama cikin hayaniya. Idan aka ɗaga kuɗin tikiti don a gyara, mai 'ya'ya takwas ne zai fara janyewa. Idan aka rage nau'o'in, aka daina neman manyan da ba sa jure tsarewa, aka faɗaɗa wa sauran wuri, kuɗin ciyarwa zai sauka, amma wasu 'yan kallon za su ce ba zaki ba giwa me za su je gani.

Ƙaura zuwa Tiga, inda madatsar ruwan da shi dai Audu Bakon ya gina take, za ta ba dabbobin sarari da shiru. Amma tafiyar awa guda ce ko fiye a mota, wanda ke nufin iyalin da ke zuwa da kuɗin adaidaita sahu sun fita daga lissafi, haka masu sayar da abinci da masu ɗaukar hoto da ke ci daga bakin ƙofar. Ɗaukar namun daji ma aiki ne mai haɗari. A Islamabad zakuna biyu sun mutu a 2020 bayan da masu kwashe su suka kunna wuta a kejin don su tilasta musu fita. Sannan akwai tambayar da mutanen Kano suka yi tun ranar da aka yi sanarwar, wato me za a yi da filin. Hekta arba'in da 'yan kai na manyan itatuwa a tsakiyar birnin da filayensa ke ƙarewa ba ƙaramin abu ba ne, ga mai neman inuwa da kuma ga mai neman wurin gina shaguna.

Rufewa gaba ɗaya, irin ta Kosta Rika, na buƙatar wurin da za a kai dabbobin. Can sun kai nasu dabbobin cibiyoyin ceto da suke da su a ƙasar. A nan, kurar da ta shekara goma tana jiran a jefo mata nama ba za ta rayu a Falgore ba, kuma ko an kulle ƙofa an sallami mai yankar tikiti, gobe da safe sai wani ya kawo mata abinci.